Sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi a Birnin Kebbi, alhali babu abin da ya mutu a cikinta

Mai injin saurayi ne da ke ɗaukar hoto da bidiyon biki a Birnin Kebbi, wani lokaci aiki ya kai shi Jega ko Argungu. Tsohon laftof ɗinsa ya gaji, bidiyon walima guda sai ya kwana yana fitar da shi, masu biki kuwa ba su san jira ba. Sai ya yi shawarar haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, bayan ya kalli yadda ake yi a YouTube. Yayansa, wanda ke harkar shinkafa, ya ranta masa rabin kuɗin a kan zai biya idan an gama bukukuwan bayan Sallah.

Kayan da ya saya masu kyau ne, kuma a takarda sun dace da juna. Firosesa (ƙwaƙwalwar injin) Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD, ƙaramin madabod (bod, allon da ake jona sauran kayan a kai) mai cif B450, ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) DDR4 guda biyu kowanne gig 8, katin hoto GTX 1660 Super na hannu, SSD (ma'ajiyar fayiloli) irin na NVMe, fawa-fak (akwatin da ke ba kayan wuta) mai wat 550, da kesin babba. Sai dai wuri biyu ya yi sayayyar. Bod da ram da fawa-fak da kesin sun fito daga wani mai shago a Computer Village ta Ikeja a Legas, firosesa da katin hoto kuma daga wani a Kano. Duka a mota aka sako su, ya je tasha ya karɓa. Mai shagon Legas bai san abin da na Kano ya aiko ba, na Kano ma haka.

Da dare ya haɗa, a ɗakinsa, da fitilar waya. Ya danna maɓalli, shiru. Washegari wani abokinsa ya gano 'yar wayar maɓallin kunnawa an cusa ta a filolin fitila, ya mayar da ita mazauninta. Daga nan injin ya soma motsi, amma motsin iri biyu ne. Wani lokaci fankoki su yi rabin juyi su tsaya cak. Wani lokaci kuma su tashi su yi ta juyawa, fitilun kesin su kama, monita kuwa baƙi ƙirin, sai ɗan rubutun da ke cewa babu sigina.

Shawara ta yi ta zuwa daga ko'ina. Wani ya ce a goge ram da fetur, wani ya ce wutar gari ce ba ta da ƙarfi, a gwada a janareta. Wani mai gyaran waya ya ce a kawo masa bod ɗin ya gasa shi da bulowa, wai dalma ce ta saki a hanya. Allah ya sa saurayin ya ji tsoron wannan ta ƙarshe. Bulowa tana da aikinta a teburin mai waya, amma a hura wa sabon madabod zafi ba a san ciwonsa ba, hanya ce ta mayar da lafiyayyen kaya bola, kuma daga ranar babu mai shagon da zai karɓe shi.

Ya kira masu sayarwar. Na Legas ya ce sai da ya gwada bod ɗin kafin ya sa a kwali, har ya turo bidiyon gwajin ta WhatsApp, ya ce a bincika firosesa. Na Kano ya ce firosesa sabuwa ce fil a kwalinta, ba a taɓa ɓare ta ba, a bincika bod. A haka suka iso shagona na gyaran kwamfuta shi da yayan, injin a bayan mota an naɗe shi da bargo.

"Malam, ka duba muna ka hwaɗi gaskiya," in ji yayan bayan mun gaisa. "In cutar yaron ga anka yi, in san wanda zan kira."

Na ce, "Alhaji, a yi mani haƙuri kar a kira kowa yau. A bari in ga abin da injin zai nuna tukuna."

Kafin in ɗauki sukudireba na zaunar da saurayin na yi masa tambayoyi. Ya ji ƙaurin ƙuna? Ya ga tartsatsi ko hayaƙi? Akwai kebul ɗin da ya ƙi shiga sai da ya danna da ƙarfi? Duka ya ce a'a. Na tambaye shi yaushe fankokin ke yin rabin juyin nan. Ya ɗan yi tunani, ya ce kamar idan kesin yana tsaye abin ya fi yawa, idan ya kwantar da shi kuma yakan tashi. Wannan amsa ta fi mani duk shawarwarin da aka ba shi amfani, domin ta nuna ciwo biyu ne a injin. Injin da ke mutuwa nan take da injin da ke tashi babu hoto, dalilansu daban ne, kuma wanda ya ɗauke su ciwo guda zai yi ta canza kaya bai san wanne ya yi magani ba.

Gwajin fawa-fak da abin da ke ƙarƙashin bod

Na fara da fawa-fak, tunda idan wutar da ke shiga ba daidai take ba, duk wani gwaji na gaba ɓata lokaci ne. Na zare shi daga komai. A babban kebul mai fil 24 akwai koriyar waya guda ɗaya tak, idan aka haɗa ta da baƙa, fawa-fak zai tashi ko babu bod. Na haɗa su da guntun waya, fanka ta juya. Na sa mita: rawayar waya ta ba da bolt 12.1, ja ta ba da 5.05, ruwan lemo 3.3. Ƙa'idar ATX, wadda ake ƙera fawa-fak a kanta, ta yarda da hawa ko sauka na kashi 5 cikin 100, wato layin 12 zai iya zama daga 11.4 zuwa 12.6, na 5 kuma daga 4.75 zuwa 5.25. Duka suna ciki. Wannan gwaji rai kawai yake nunawa, ba ya nuna ko fawa-fak zai iya ɗaukar kaya, don haka na ajiye nawa na shago kusa don kwatantawa daga baya.

Rabin juyin fanka alama ce da na sani. Fawa-fak na kirki yana da kariya a cikinsa, da ya ji wuta ta haɗu da ƙasa inda bai kamata ba, sai ya yanke kansa. Saboda haka na kwance bod ɗin gaba ɗaya daga kesin.

Tsakanin madabod da ƙarfen kesin akwai 'yan ƙafafun tagulla da ake ɗaurawa, kowace ƙafa ta zauna daidai ƙarƙashin ramin sukurun da ke jikin bod. Saurayin ya zazzage ledar da ta zo da kesin, ya ɗaura ƙafa a duk ramin da ya gani a farantin, a ganinsa yawansu ƙarin ƙarfi ne. Da na ƙirga, ƙafafun sun ɗara ramukan bod da ɗaya. Na juya bod ɗin na haska bayansa da fitila, sai ga ɗan karce mai sheƙi a kan wasu ɗigogin dalma guda biyu, daidai inda kan ƙafar ke zama. Idan kesin ya miƙe tsaye, nauyin katin hoto yakan ɗan ja bod ɗin, dalmar ta taɓa tagulla, fawa-fak ya yanke. Idan an kwantar, sai a samu 'yar tazara. Na duba layukan da ke kewaye, babu wanda ya yanke ko ya yi baƙi. An yi sa'a ƙwarai, domin irin wannan taɓawa kan ƙona bod tun a dannawar farko.

Na ɗora bod ɗin a kan kwalinsa, ban sa ledar nan mai sheƙi a ƙarƙashi ba, don bayanta yana iya ɗaukar wuta. Ƙarshen hunturu ne, iska a bushe, irin lokacin da mutum zai taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi, don haka kafin in taɓa kowane kaya sai na dafa ƙarfen fawa-fak ɗin da ke jone. Na bar abin da ba makawa kawai: firosesa da fankarta, ram ɗaya, katin hoto, fawa-fak. Na taɓa filoli biyu na kunnawa da bakin sukudireba. Ya tashi. Na kashe na sake, na sake, rabin juyin bai dawo ba. Ciwon farko ya tafi. Monita dai tana nan baƙa.

Jar fitilar da ta ƙi matsawa

Na ce wa saurayin ya nuna mani inda yake jona monita. Ya nuna ramin HDMI na jikin madabod. Ryzen 5 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta. A wannan dangi na AMD, masu harafin G a ƙarshen suna, irin 5600G, su ne ke iya fitar da hoto da kansu. Ramukan HDMI na jikin bod an yi su ne domin irin waɗannan, idan aka sa firosesa marar G sai su zama kurame. Ko da komai na injin lafiya lau yake, ta wannan rami ba zai taɓa ganin komai ba. Na mayar da kebul ɗin jikin katin hoto. Shi ma shiru.

A gefen bod ɗin, kusa da babban kebul, akwai 'yan fitilu huɗu a jere, an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT. Idan injin ya tashi, bod yakan bi kayansa ɗaya bayan ɗaya: firosesa, ram, hoto, sannan wurin da zai ɗauko Windows. Kowace fitila takan kama ta mutu idan an wuce matakinta, wadda ta tsaya a kunne, a nan aka maƙale. A wannan injin ta farko ce ta kama ja ta zauna. Saurayin ya ce tun a gida yana ganinta, ya ɗauka alamar wuta ta shiga ce. Bod da yawa masu araha ba su da waɗannan fitilu, sai a sa musu 'yar ƙaramar sifika mai fil 4 da ke yin ƙara. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma ina ganin bai kamata a fara haɗa inji babu ita a aljihu ba.

Fitilar CPU ba ta nufin firosesa ta mutu. Abin da take faɗi shi ne bod bai iya tayar da ita ba, dalilan kuma suna da yawa. Na bi su daga wanda ba ya cin ko sisi.

Kebul mai fil 8 da ke ba firosesa wuta, a saman bod, yana nan a mazauninsa, mita ta nuna bolt 12. Na duba da kyau ko shi ne na asali, domin fawa-fak yana da kebul biyu masu fil 8 da ke kama da juna. Na firosesa yana rabuwa 4 da 4, na katin hoto 6 da 2, kuma tsarin wutarsu ya saɓa. Ba sa shiga ramin juna sai an tilasta, amma na ga waɗanda suka tilasta. Nan dai babu wannan. Na jona fawa-fak ɗina, fitilar ba ta canza ba.

Ram kuma na sa shi a rami na biyu daga firosesa, wanda littafin bod ke kira A2, na danna har maƙallin ya ce ƙas. Na canza da ɗayan, haka dai. Sai na yi wani gwaji da nake so ƙwarai: na zare ram gaba ɗaya na kunna. Da firosesa tana tashi, da fitilar ta matsa zuwa DRAM tana kukan babu ram. Ba ta matsa ba, ke nan ko matakin neman ram ba a kai ba. Na cire ɗan batirin bod, CR2032, na auna, bolt 3 cif, na goge saitin bod na mayar. Babu canji.

Saura in ga firosesar da idona. A soket ɗin AM4, wato mazaunin firosesa na wannan bod, filolin a jikin firosesa suke, guda 1331, sirara ƙwarai. Man da ke tsakaninta da fanka yakan kama, idan aka fizgi fankar kai tsaye sai ta taso da firosesa ta lanƙwasa filoli, don haka sai an ɗan murza hagu da dama kafin a ɗaga. Na ɗauke ta na karkata ta a gaban fitila, ina bin layi-layi. Idan fil ɗaya ya kauce, haskensa yakan fita daban da na 'yan'uwansa. Na juya ta na bi ta ɗaya ɓangaren. Kowane layi a miƙe yake, alamar zinaren da ke kusurwa ma ta yi daidai da ta soket. Yaron ya sa ta da kyau.

Alhaji, wanda ya zauna a benci yana kallo tun ɗazu, ya ce, "To Malam, in wuta lahiya, wanga lahiya, wancan lahiya, mi ya rage?"

Na ce wa saurayin ya miƙo mani kwalin bod ɗin. A gefensa akwai ɗan tambari da aka rubuta Ryzen 3000 Desktop Ready. Sannan na ce ya buɗe mani bidiyon da mai shagon Legas ya turo. Bidiyon gajere ne, hannu yana rawa, an nuna bod a kan tebur, an ɗaga kyamara zuwa monita. Na tsayar da shi daidai nan na buɗa hoton da yatsu biyu. A saman shafin ga sunan firosesar da aka yi gwajin da ita, Ryzen 5 3600, ga kuma kwanan watan bayos, farkon shekarar 2020. Amsar tana cikin wayarsa tun ranar da ya kira Legas.

Bayos shi ne ɗan shirin da ke zaune a wani ƙaramin cif a jikin bod, shi ke tayar da firosesa kafin komai ya motsa. Kamar maigadi yake mai takardar sunaye a hannu: wanda sunansa ba ya ciki ba ya shiga, ko da ɗan gidan ne. AMD ta fito da soket ɗin AM4 a 2016, ta yi shekaru tana fitar da sababbin firosesa masu shiga rami ɗaya. Bod masu B450 sun fito a 2018. Dangin Ryzen 5000 sun fito a Nuwamban 2020, ita 5600 ɗin kuwa sai a Afrilun 2022. Da farko ma, a Mayun 2020, AMD ta ce B450 ba zai ɗauki sabon dangin ba, masu saye suka yi ca, ta janye maganar a cikin watan, kamfanonin bod suka fitar da sabon bayos daga baya. Bod ɗin da aka rufe a kwali kafin nan yana nan da tsohuwar takardarsa, ko shekara nawa ya yi a sito. Shafin kamfani zai ce yana ɗaukar 5600, kuma gaskiya ne, amma a gefen sunan akwai lambar bayos ɗin da ake buƙata, wadda mai saye ba ya kulawa da ita.

Har zuwa nan zato ne mai ƙarfi, na kuma faɗa musu haka. Tabbaci sai an sa wa bod ɗin firosesar da ya sani.

Aron firosesa

Wasu bod suna da maɓalli a baya da ke sabunta bayos daga filash ko babu firosesa. ASUS na kiransa USB BIOS Flashback, MSI na cewa Flash BIOS Button, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Wannan bod ba shi da shi. Akwai kuma 'yar na'ura da ake kira CH341A, a maƙala wa cif ɗin bayos ɗin matsi a rubuta masa kai tsaye. Ina da ita, amma ban so in fara da ita ba. Cif da yawa a bod ɗin AM4 bolt 1.8 suke ci, na'urar kuwa 3.3 take bayarwa idan ba a sa mata adafta ba, ga shi kaya sabo ne na mutane. Hanya mafi tsabta ita ce a samu tsohuwar firosesa.

A Legas ko Kano wannan aikin ɗan lokaci ne, ka leƙa shagon maƙwabci. A Birnin Kebbi kuwa yawancin kwamfutocin ofis da na kafe tsofaffin Intel ne na HP da Dell, AM4 ba ta da yawa. Na tuna da wani mai shagon buga takardu kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, wanda na san injinsa yana da Ryzen 3 3200G. Na je da kaina, domin ba abin da ake aika yaro ba ne, mutum za ka ce ya buɗe injin da yake ci da shi. Ya yarda da sharaɗi guda: sai ya rufe shago bayan Magariba, kuma injinsa ya kasance yana aiki kafin ɗalibai su fara zuwa da safe.

3200G ta fito a 2019, tambarin kwalin ya nuna bod ya san ta, ga ta kuma da sashen hoto. Na cire katin hoto, na sa ta, na jona monita a jikin bod. Na taɓa filolin. Fitilar CPU ta kama ta mutu, DRAM ta kama ta mutu, VGA ma haka, monita ta kawo haske. Saurayin ya miƙe tsaye yana cewa Alhamdu lillahi. Gwaji ɗaya ya wanke bod, ya wanke ram, ya wanke fawa-fak.

Sabunta bayos shi ne wurin da ya fi kowane haɗari a wannan aiki. Na sauko da fayil daga shafin kamfanin bod ɗin, bayan na karanta cikakken sunan samfurin daga jikin bod, domin akwai masu suna kusan ɗaya da harafi ɗaya ya raba, kuma bayos ɗin wani ba ya yi wa wani. Na karanta bayanin da ke ƙarƙashin kowane fitowa. Wasu kamfanoni sukan ce sai an bi ta wani na tsakiya kafin a hau na ƙarshe. Cif ɗin bayos na bod da yawa na wancan zamani meg 16 ne kacal, shi ya sa da aka ƙara sababbin sunaye aka zubar da wasu tsofaffi. Na tabbatar 3200G tana cikin waɗanda aka bari, don injin ya iya tashi da ita bayan an gama. Na goge filash zuwa FAT32 na sa fayil ɗin.

Sai maganar wuta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta bayos, tsohon ya goge, sabon bai cika ba, bod ba zai ƙara tashi ba sai an koma ga na'urar matsin nan. Ban yi a wutar gari ba, ban yi a janareta ba. Na jona a inbata, baturan sun sha rana sun cika, na zare duk wani abu mai cin wuta daga layin. Na ce wa saurayin ya sa hannayensa a aljihu. Layin ya yi ta tafiya a hankali, monita ta yi baƙi, injin ya mutu ya tashi da kansa, wanda a nan ne mutane kan firgita su zare wuta. Da ya dawo, lambar bayos da kwanan wata sun canza.

Na cire firosesar aro, na goge ta da sifirit, na mayar wa mai ita a daren da sabon mai, na tsaya har injinsa ya buɗe ya buga takarda.

Ita kuma 5600 na goge tsohon manta, na ɗiga sabo a tsakiya, na ɗaure fanka kusurwa da kusurwa, na goge saitin bod, na mayar da katin hoto da kebul ɗin wutarsa. Fitilar CPU ta mutu. DRAM ta ɗan jima a kunne, abin da ya saba faruwa a tashin farko, bod yana auna ram. Sannan hoto ya fito ta katin, da sunan Ryzen 5 5600 a saman shafi.

Sauran aikin na bi shi abu ɗaya, kunnawa ɗaya. Ram na biyu a B2, gig 16 ya bayyana. Gudunsa ya nuna 2133, na kunna saitin XMP a bayos ya hau 3200 da aka rubuta a jikinsa, na bar manhajar gwajin ram ta MemTest86 ta zagaya babu kuskure. Na sa SSD. Na cire ƙafar tagullar da ta yi yawa, na sa saurayin ya ƙirga ƙafafu da ramuka da bakinsa, shi kuma ya mayar da bod ɗin kesin da hannunsa ina tsaye. Fitilar BOOT ta tsaya a kunne, ya kalle ni, na ce wannan SSD ne babu komai a cikinsa. Muka sa Windows 11, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 tana neman wani abin tsaro mai suna TPM 2.0, wanda a bod ɗin AMD ake kunnawa a bayos da sunan fTPM.

Da Alhaji ya dawo ɗaukar kaya ya sake tambayar wa ke da laifi. Na ce masa babu wanda ya cuci ƙaninsa. Na Legas ya gwada bod da gaske, na Kano ya aiko firosesa sabuwa da gaske. Abin da nake gani a kan mai shagon Legas shi ne bai tambaya wace firosesa za a ɗora ba. Mai sayar da B450 a yau ya san yawancin masu saye dangin 5000 za su sa, ga tsohuwar firosesa a teburinsa, sabunta bayos ɗin ba zai ci masa rabin awa ba. Shi kuma saurayin, tunda ya raba sayayya gida biyu, aikin haɗa bayanin ya dawo kansa: ya kamata ya faɗa wa mai bod sunan firosesar, ya ce a turo masa hoton shafin bayos, ya gwada lambar da wadda ke shafin kamfani kafin ya tura kuɗi.

Abin da ya dame ni a lamarin shi ne yadda aka kusa yin asara a banza. Da sun mayar da bod Legas, da kuɗin mota ya tafi zuwa da dawowa, mai shagon ya gwada da 3600 ɗinsa ya ga yana aiki, rigima ta tashi, ko ya aiko wani daga kwali ɗaya mai tsohon bayos iri ɗaya. Matasa da yawa a garin nan jarinsu kaf suke zubawa a irin wannan inji, galibi da rancen 'yan'uwa. Idan ya ƙi tashi, kuɗin ne ke tafiya tare da yardar gida, gobe idan yaro ya ce zai yi sana'ar kwamfuta sai a tuna masa.

Bayan sun kai injin gida saurayin ya kira ni, ya ce komai na aiki, ya fitar da bidiyon da laftof ke kwana a kai kafin ya gama cin abinci, amma idan ya taɓa bayan kesin ba takalmi yana jin yana ɗan jan sa. Na tambaye shi soket ɗin ɗakin. Waya biyu ce a ciki, babu ta ƙasa, abin jonawar da ya sayo ma haka. Fawa-fak yana da 'yan kafasito da ke zubar da ɗan ragowar wuta a jikin ƙarfensa, wayar ƙasa ce ke kwashe ta, idan babu ita sai ta bi jikin wanda ya taɓa, ko ta bi kebul ɗin USB ta shiga kyamararsa. Na ce kar ya jona kyamara sai mai gyaran wuta ya zo. An kafa sandar ƙarfe a bayan ɗakin, an ja waya ta uku zuwa soket, jan ya daina. Ya sayi sitabilaiza. UPS ya ce sai kuɗin bikin farko sun shigo, na ce kafin nan ya saita manhajar tace bidiyon ta riƙa adana aiki da kanta kowane minti 5.